Madambacin Tsohon Mudir

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina zaune a wani shagon shayi a unguwar Batha da ke Riyad, sai wani direba Basakkwace da ke kusa da ni ya ƙure muryar wayarsa yana sauraron labaran duniya. Mai karanta labaran ta ce a Amurka wasu 'yan majalisa suna so a mayar da umarnin da shugaban ƙasarsu ya bayar kan kiyaye haɗarin binciken ƙwayoyin cuta ya zama tsayayyiyar doka, don kada gobe wani shugaban ya zo ya soke shi. Direban ya ja tsaki, ya ce su dai waɗannan mutane ba su da aikin yi, ai umarni da doka duk abu ɗaya ne, babba ya faɗa a bi. Na ajiye kofina na dube shi, har na buɗe baki, sai na fasa. Na san halina. Da na fara, da la'asar ta riske mu a wurin, kuma da wuya mu rabu da daɗi.

Ni na san bambancin umarni da doka, kuma ba a aji na koya ba. A tafin hannun abokina na gan shi.

Na zo Riyad ne da igama, wato takardar izinin zama, a ƙarƙashin wani kamfanin shara. Shi ne kafilina, shi ke da ikon in zauna ko in tafi. Kamfanin ya tura ni wata cibiyar bincike mai zaman kanta a gefen gari, inda masana ke kiwon ƙwayoyin cuta a cikin 'yan faranti, suna gwada su a jikin ɓeraye, suna aiki da jinin mutane da na dabbobi. Su suna sama cikin sanyi da fararen riguna. Mu muna ƙarƙashin ginin, duk abin da suka gama da shi wajenmu yake gangarowa: faranti, auduga, fasassun kwalabe, gawar ɓeraye, allurai. Aikinmu mu kwaso, mu ɗaure, mu tura a amalanke zuwa ƙofar baya inda motar da ke kai wa wurin ƙonawa take jira.

Hausawa uku ne a cikinmu, sauran 'yan Bangaladash ne. Akwai ni. Akwai wani dattijo da ya girme mu nesa ba kusa ba, wanda ya shigo ƙasar tun ina goye, kowa Baba yake ce masa. Sai abokina, mutumin Damagaram, dogo siriri mai yawan dariya. Ɗakinmu ɗaya da shi a wani tsohon gida a Ulaisha, wanda na'urar sanyaya ɗakinsa ta fi iya ƙara a kan sanyi. Da yake ni Bakano ne, tun ranar farko muka kama wasan da muka gada. Yana ce mini bawansa, ina ce masa Badamagare ci-ma-zaune, har sunan ya bi shi. Idan ya dafa shinkafa sai ya ce in zo in ci don kada a ce ya bar bawa da yunwa. Yana da mata da 'ya'ya mata a gida, kuma duk maganarsa ba ta wuce katangar da yake ɗagawa a filinsa, layi bayan layi, gwargwadon abin da ya samu ya aika.

A farkon zuwana, aikin nan sai dai a ce Allah ya kiyaye. Safar hannun da ake ba mu irin ta masu sayar da abinci ce, da ka ja ta da ƙarfi ta yage. Allurai a cikin leda ɗaya ake zuba su da auduga. Ka ɗaga ledar, ruwan da ba ka san na mene ne ba ya tsiyayo maka a takalmi. Badamagare yana da tabo a gefen hannunsa na dama inda fasasshiyar kwalba ta taɓa yanka shi, ya ɗaure da ƙyalle ya ci gaba da aiki. Babu wanda ya tambaye shi, shi ma bai gaya wa kowa ba.

Sai aka kawo sabon shugaba, mudir kamar yadda ake cewa a nan. Wani gajeren mutum ne mai furfura a gemu, ba ya son doguwar gaisuwa. A makonsa na farko muka ga abin da ba mu taɓa gani ba: mudir da kansa ya sauko ƙarƙashin gini. Ya tsaya yana kallon yadda muke ɗaukar leda, ya karɓi safar hannuna ya ja ta da yatsu biyu ta yage, ya jefar, ya hau sama. Ba a daɗe ba aka liƙa takardar umarninsa a bangon da ke kusa da lif.

Mai kula da mu, wani Basudane, shi ya fassara mana. Daga ranar, babu abin da zai fita daga ɗakin bincike sai an dafa shi da tururi a cikin wani ƙaton inji har ƙwayoyin cutar su mutu. Allura kuwa ba za ta ƙara shiga leda ba, sai cikin wasu robobi masu tauri ruwan ɗorawa. Aka kawo mana safar hannu masu kauri har gwiwar hannu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙarshe: duk wanda wani abu ya soka ko ya yanka a bakin aiki, ko ma'aikacin cibiya ne ko na kamfanin shara, a kai shi asibitin cibiyar nan take, a duba shi, a bi lafiyarsa har ƙarshe, kuma nauyin yana kan cibiyar.

Badamagare ne ya raɗa wa injin suna. Ranar da aka fara kunna shi, ya ga tururi yana fita, ya ce ashe madambaci aka kawo mana, saura zogale da ƙuli. Daga nan kowa madambaci yake cewa, har 'yan Bangaladash, waɗanda ba su taɓa ganin dambu ba. Warinsa kuwa ba a magana, idan aka buɗe ƙofar sai ka ji kamar an dafa tsohon takalmi. Amma ledar da ta fito daga cikinsa ta zama shara kawai. Kana iya rungumarta ka ɗora a kafaɗa. Mun yi kusan shekara biyu a haka, kuma a lokacin ne na fara barci ba tare da na duba tafin hannuna ba.

Wata rana mudir ya tara mu, Basudanen yana tafinta. Ya ce mu fahimci wani abu: takardar da ke bangon nan maganarsa ce shi kaɗai. Yau yana nan, gobe ba ya nan, kuma wanda zai gaje shi yana da ikon cire ta kamar yadda shi ya liƙa ta. Abin da yake nema shi ne hukumar gudanarwar cibiyar ta shigar da ita cikin nizam, wato tsayayyiyar dokar wurin, wadda babu mudir ɗin da zai iya taɓawa shi kaɗai. Ya ce wasu daga cikin 'yan hukumar suna ganin abin ya cika cin kuɗi da ɓata lokaci. Don haka ya roƙi su saurari masu ɗaukar sharar da kunnensu. Ya ce idan an kira mu, mu faɗi gaskiyar haɗarin aikin, kada mu rage komai.

'Yan Bangaladash suka ce ba su iya Larabci ba, mu je mu wakilce su. Sun fi mu wayo.

Ni har na tsara abin da zan faɗa. Zan nuna tabon Badamagare. Zan faɗi yadda har a lokacin, da umarnin da komai, akwai wani hawa da masu bincikensa kan manta su jefa allura a leda, sai tsoron mudir ke sa su gyara. Zan ce idan aka ɗauke wannan tsoron, ranar za mu koma gidan jiya.

Baba ya zo ɗakinmu da yammacin ranar da ta gabaci zaman, ya zauna a bakin katifa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya girgiza kai. Ya ce shi bai taɓa ganin rashin tarbiyya irin wannan ba. Mutum ya sauko daga kujerarsa ya share mana hawaye, sannan mu tashi a gaban iyayen gidansa mu ce wurin da yake riƙe da shi cike yake da haɗari? Wannan ai tona masa asiri ne. Ya ce mudir ya ce mu faɗi gaskiya ne don kara, irin yadda mai gida kan ce wa baƙo ya faɗi abin da ke damunsa, kuma ɗan mutunci ya san amsar da ake bayarwa. Abin da ya kamace mu shi ne mu je mu wanke shi, mu nuna aikinsa ya yi kyau, mu yi masa addu'a.

Na ce, "Baba, mutumin nan ba kara yake mana ba. Shaida yake nema."

Ya ce, "Kai yaushe ka zo ƙasar nan? Na ga waɗanda suka fi ka baki. Da safe suka yi ƙorafi, kafin sati ya zagayo suna filin jirgi."

Ba zan ce Baba wawa ne ba. Ya ga abin da ya gani, kuma da wannan shirun ya aurar da 'ya'yansa ya gina gidansa. Abin da ya ƙona mini rai shi ne Badamagare ya bi bayansa. Ya yi dariya ya ce dama Kanawa ba a raba su da tsegumi, ko Aljanna aka kai su sai sun ce rumfar ta yi ƙasa. Ya ce shi ba zai tsaya gaban manya yana baje tabonsa kamar mai bara ba. Na ce tabonka ne, ba nawa ba, ka yi yadda ka so da shi.

Washegari aka hau da mu hawan da ba mu taɓa takawa ba. Kafet mai laushi, dogon tebur, sanyi har cikin ƙashi. Baba ya sha farar shadda da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Aka zuba mana gahawa a 'yan ƙananan kofuna, aka turo mana dabino. Mudir yana can ƙarshen tebur, hannuwansa a harɗe.

Wani mai gilashi a cikin 'yan hukumar ya tambaya ko aikinmu yana da haɗari, ko akwai abin da muke tsoro. Baba ya gyara zama, ya dafa ƙirji, ya ce da Larabcinsa na kasuwa, "Mafi mushkila." Babu matsala. Ya ce alhamdulillahi, aiki lafiya, kowa lafiya, tun da yake a wurin bai ga abin ƙi ba. Daga nan ya shiga yabon mudir, ya haɗa da iyayensa da kakanninsa, ya roƙa masa gidan Aljanna. 'Yan hukumar suna ta gyaɗa kai suna amin. Na dubi mudir. Ya sunkuyar da kai yana murza goshinsa da yatsu, kuma Baba ya ɗauka kunyar yabo ce ta kama shi.

Mai gilashin ya juya ga Badamagare, ya tambaye shi ko wani abu ya taɓa yanka shi ko ya soke shi a aikin. Hannunsa na dama yana ƙarƙashin tebur, a kan cinyarsa, ina ganin tabon daga inda nake zaune. Ya yi murmushin nan nasa ya ce alhamdulillahi.

Ni dai na kasa haƙuri. Na ce akwai matsala, na fara kawo maganar allurai da guntun Larabcina, kalma tana tsere wa kalma. Baba ya dafa gwiwata ya danna, ya yi dariya, ya gaya musu wannan ɗansa ne, yana da zafin kai, kwanan nan ya zo bai saba ba. Basudanen, wanda shi ma igamarsa a hannun kamfani take, ya fassara maganata ya zare mata ƙaya tas. Suka yi dariya, wani ya ce matasa ke nan. Aka ƙara turo mini dabino, aka yi mana godiya, aka buɗe mana ƙofa.

Ba na cewa maganar Baba ita kaɗai ta kashe batun. Mutanen nan dama hanyar zillewa suke nema. Amma mu muka share musu ita, muka yayyafa mata ruwa. Abin da suka yanke, kamar yadda Basudanen ya gaya mana daga baya, shi ne tunda umarnin yana aiki kuma ma'aikata da bakinsu sun ce ba su da koke, babu dalilin ɗaure cibiyar da sabuwar doka. A bar wa kowane mudir ya yi abin da ya ga ya dace.

Mun haɗu da mudir a matattakala bayan 'yan kwanaki. Ya tsaya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce da mu a hankali, "Na ce ku faɗi gaskiya." Baba ya rusuna ya ce Allah ya saka da alheri. Har muka sauka ƙasa yana cewa ka ga mutumin kirki, har yanzu kara yake mana.

Shekara ba ta cika ba aka ɗauke mudir zuwa wani wurin. Wanda ya gaje shi ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Yana amsa sallama, ya taɓa aiko mana da abincin buɗa-baki da azumi. Kawai dai bai taɓa saukowa ƙasa ba, kuma ban tabbata ya san akwai mutane a can ba. Babu ranar da aka tara mu aka ce an soke umarnin. Da an yi haka ma da na fi jin daɗi, aƙalla da mun san inda muka tsaya. Abin a hankali ya zagwanye. Madambaci ya lalace, aka ce ana jiran wani ƙarfe daga waje, kafin nan a riƙa fitar da sharar ɗanya tunda dama ƙona ta za a yi. Safar hannu masu kauri suka ƙare, aka kawo na da, aka ce na wucin gadi ne. Aka zo fentin bango aka cire takardar, fenti ya bushe ba a mayar ba. Masu binciken hawan nan da na faɗa suka lura babu mai tambayarsu, suka koma halinsu.

Ga wani abu da har yau idan na tuna sai zuciyata ta yi zafi. A zamanin da, kafin madambaci, muna tsoron leda. Da 'yan yatsu muke kama wuyanta, mu riƙe ta nesa da jiki. Shekarun nan na umarni su suka cire mana tsoron. Jikinmu ya saba da cewa leda ba ta cizo. Aka ɗauke kariyar aka bar mu da sabon.

Da hantsi ne, a ƙofar baya, rana ta fara dukan kwalta. Motar tana jira, direban yana ta danna oda. Badamagare ya kama wata leda ya rungumo ta, ya sa tafin hannu a ƙasanta don ya cilla ta cikin motar, kamar yadda ya saba. Sai na ji ya ce wash. Ya saki ledar, ya cire safar, ga ɗigon jini a tsakiyar tafinsa, ga bakin allura ya leƙo ta jikin ledar. Ya matse wurin, ya goge a wandonsa, ya ce ba komai, ƙaramin abu ne. Na kama hannun rigarsa na ja shi, yana turjewa yana cewa bawa ya saki ubangidansa, har asibitin cibiyar.

Nas ɗin, wata 'yar Filifin da ta san mu tun zamanin tsohon mudir, ta wanke masa wurin ta liƙa filasta. Daga nan ta tsaya. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma ba ta da ikon buɗe masa fayil ko ɗaukar jininsa, domin shi ma'aikacin kamfani ne ba na cibiya ba, kuma umarnin da ya ba ta wannan ikon ya tafi da mai shi. Ta ce mu je wajen kamfaninmu da sauri, kada mu yi wasa. Muka je. Kamfani ya ce a cibiya abin ya faru, cibiya ta sani. Cibiya ta ce mutumin kamfani ne. Muka yi ta safa da marwa tsakaninsu har Badamagare ya gaji ya ce in ƙyale shi, ciwon ma ya warke, kuma ba ya so a san shi da yawan kai ƙara. Babu wanda ya binciki ledar don a san jinin wa ke jikin allurar. Tun a ranar aka ƙone ta.

Bayan wasu watanni Badamagare ya fara barin abinci. Mutumin da ke share tire shi kaɗai ya koma yana juya cokali. Idan muka dawo aiki sai ya zube a katifa ko takalmi bai cire ba. Wata safiya na dube shi a hasken taga na ga idanunsa sun yi ɗorawa. Ya ce shawara ce, ai kowa yana yi. Ya sayo saiwoyi a wajen wani mai magani a Batha yana jiƙawa. Wani ya ce masa rake yana taimakawa, na hau mota ranar hutuna har kasuwar Aziziya na yi ta zagaye rumfunan kayan marmari cikin zafi kafin na samo masa. Yana sha yana tsokanata, wai ga amfanin bawa. Ina dariya, amma allurar nan nake tunawa.

Masu irin aikinmu ana yi mana gwajin lafiya lokaci-lokaci, kuma a nan abin ya fito. Ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka ta jini. Likitan ya ce yana da magani, amma ba maganin da mai kwasar shara zai saya da aljihunsa ba ne. Kamfani bai ɓata lokaci ba. Suka ce bai cancanci aikin ba kuma, za a rufe igamarsa a yi masa fita ta dindindin. Da na kawo maganar allurar, sai wani a ofis ya ɗaga kafaɗa ya ce wa ya sani, wataƙila daga ƙasarsu ya zo da shi. Mutumin da suka gwada kafin ya shigo, suka sake gwadawa yana ciki, duk suka same shi garau.

Na hau sama ba tare da an kira ni ba, da kayan aikina a jiki. Ban samu ganin mudir ba, sakatarensa ya tare ni. Na zazzage masa komai, na ce a da an ce duk wanda ya ji rauni a nan nauyinsa yana kan cibiya. Ya saurare ni da ladabi, bai ɗaga murya ba, har ruwa ya miƙo mini. Sannan ya tambaye ni a wane sashe na nizam aka rubuta haka, in nuna masa ya kai wa mudir yanzu. Babu sashen da zan nuna, kuma na san ranar da aka rasa shi, ina zaune a wurin da dabino a gabana.

Ranar da Badamagare zai tafi, Baba ya zo ɗakinmu da ledar dabino da turare ya kai wa iyali. Ya zauna a bakin katifar nan dai, ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ban musa ƙaddara ba, ni ma Musulmi ne. Amma na ce masa, "Baba, da ka bar mu mun yi magana, da wani abin ma an rubuta." Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Ya dubi ƙasa, ya ɗauki hularsa da ya ajiye a gwiwa ya fita.

Badamagare ya yi mini faɗa sosai. Ya ce Baba sa'an mahaifina ne, kuma shi da bakinsa ya ce alhamdulillahi, ba wanda ya matse shi. Ya ce in bi shi in ba shi haƙuri. Ya zauna a kan akwatinsa da idanu ruwan ɗorawa, an kore shi daga ƙasa da ciwon da ba shi ya saya ba, damuwarsa kada ran dattijo ya ɓaci. Ban san ko in rungume shi ko in mare shi ba. Na ɗauki akwatin na kai masa mota.

Na ba Baba haƙuri daga baya, don ba a zama haka. Har yau muna aiki tare. Bayansa ya fara ranƙwafawa, yana ɗaukar leda da siririyar safar nan, kuma na lura yanzu da 'yan yatsu yake kamawa, nesa da jiki. Ba mu taɓa komawa kan maganar ba. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, kuma na fi jin haushin waɗanda suka san sarai abin da amsarsa take nufi suka karɓe ta hannu bibbiyu. Sun yi shekaru suna hulɗa da irinmu. Sun san ko wuta muke ci, in aka tambaye mu lafiya za mu ce.

A ranar Juma'ar nan, da na bar direban da wayarsa, na ratsa cunkoson Batha na samu inuwar wani shago na kira Damagaram. Matar Badamagare ce ta ɗauka. Bayan gaisuwa ta rage murya ta ce jikin dai sai addu'a, ƙafafunsa sun fara kumbura, katangar kuma tana nan inda ya bar ta. Sai na ji yana tambaya daga nesa wa ke magana, ta miƙa masa.

Muryarsa ta sirance, amma sai da ya ce, "A'a, bawana ne? Ka tuna da ubangidanka?"

Na ce, "Yaya jikin?"

Ya ce, "Lafiya lau, alhamdulillahi."

Ya tambayi Baba, ya tambayi 'yan Bangaladash, ya tambayi na'urar sanyin ɗakinmu ko har yanzu tana kukanta. Sannan ya tambayi madambaci, ko ƙarfen nan ya iso an tayar da shi. Madambaci yana nan a kusurwarsa, an jera kwalayen sabulu a kansa. Kuma a makon nan wata kwalba ta karce ni a yatsa, na wanke da ruwan famfo na ɗaure da filasta, ina kallon filastar ma a lokacin da yake magana.

Ya ce, "Kai fa? Yaya aikin?"

Na ce, "Lafiya lau."